Ƙasar Gindin Kawo

Hajjo ba ta saba shakkar hannunta ba. Duk abin da ta dasa yakan tashi, tun tana ɗaliba a Zariya tana tsirar da ƙwallon mangwaro a bayan ɗakin kwanansu, har zuwa yanzu da aka ɗauke ta aiki a wani lambun adana tsirrai da ke gefen Abuja, ta hanyar Bwari. Shi ya sa da ganyen 'yan dashen kawonta ya fara rawaya, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ruwa ne ya yi musu yawa, ta rage. Ta ce inuwa ce, ta sa aka yaye rabin zanar rumfar. Ta ce yunwa ce, ta jiƙa musu taki. Ganyen dai ya ci gaba da koɗewa, daga gefe zuwa tsakiya, sannan ya sako ƙasa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko iska ta taɓa shi ba.

"Anti Hajjo," in ji Lucia, Bagwariyar da suke aikin rumfar tare, tana riƙe da butar ban ruwa, "ka ga yaran nan? Kamar shawara ya kama su duka. Ko mu kai su asibiti?"

"Asibitin ke nan kike tsaye a ciki," Hajjo ta ce. "Ni ce likitar."

Ta faɗa da dariya, amma da ta juya baya sai ta tsaya tana ƙirga ganyen da suka zube.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, kuɗi ya shigo gari, duk inda mutum ya waiwaya katafila ce ke cin tudu. Inda jiya ake kaɗe gauraka daga gonar dawa, yau an kafa allo da zanen gidaje masu jan rufi. A kan wani tudu can bayan Ushafa, inda ƙauyen su Lucia yake kafin a tashe su, akwai wani tsohon kawo guda ɗaya da ya tsira daga masu yankan katako. Sauran danginsa duk sun zama ƙofofi da kujeru. Da ruwan farko ya sauka, 'ya'yansa suka tsiro a gindinsa, cunkus, kowanne da ganye biyu masu sheƙi. Hajjo da Lucia suka tono su da hannunsu kafin katafilar kamfanin gini ta iso gindinsa, suka kawo su lambu. Ba a san wani kawon da ya rage a duk kewayen ba. In waɗannan suka mutu, zuriyar tudun ta ƙare.

Ƙa'idar lambun kuwa ita ce, duk tsiron da aka ɗauko daga daji sai an wanke saiwarsa tas, har ta yi fari, kafin ya shiga rumfa. Ƙasar da za a dasa shi a ciki ma sai an dafa ta a rabin duro bisa wuta, tana tururi, don kada cutar daji ta shigo ta kashe sauran tsirrai. Hajjo tana son wannan ƙa'ida, don tana son aiki mai tsafta. Ita ta koya wa Lucia wankin saiwa, Lucia kuma ta ƙware, tana cuɗa su a hankali kamar mai wankan jariri.

Wata safiya Dokta Kure, shugaban lambun, ya zo ya tsaya a bakin rumfar, hannuwansa a baya. Dattijo ne mai haƙuri, amma shi ma akwai na sama da shi.

"Hajjo, 'yata, ban ƙi ta taki ba," ya ce. "Amma ma'aikata ta aiko. Ana son furanni da dabinon ado don sababbin tituna, kuma rumfar nan ita ce mafi girma da muke da ita. In damina ta yi nisa waɗannan ba su farfaɗo ba, sai dai a juye ledojin."

"Za su tashi, Oga."

"Kin gano abin da ke damunsu?"

"Zan gano."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya girgiza kai, yana murmushi. "Allah ya sa."

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ta riga ta ƙure duk littattafan da ke kan kantarta. Ranar Asabar sai ta ce wa Lucia ta raka ta tudun, ko ganin uwar tsirran, tsohon kawon nan, zai tuna mata wani abu. Akwai kuma wani dalilin, wanda Lucia ta sani sarai: Nazeer.

Nazeer injiniya ne a kamfanin da ke baje tudun. Ranar da Hajjo ta je neman izinin tonon tsirran ta same shi, ta je da shirin faɗa, da maganganu masu zafi da ta jera tun a mota. Shi kuwa ya saurare ta har ƙarshe, ya dubi takalmanta masu tsini, ya shiga ciki ya fito mata da nasa na roba. Tun daga ranar zuciyarta ta ƙi zama inda ta ajiye ta. Yanzu magabata sun shiga maganar, an sa rana bayan babbar Sallah. A wancan yinin na farko, da suka gama tono, ta ɗauki tsiro ɗaya da dunƙulen ƙasarsa, ta cusa a gwangwanin madara ta miƙa masa, ta ce ya ajiye don ya riƙa tuna abin da yake turewa.

Ofishinsa kwantena ce da aka huda wa taga. Suna shiga ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"A'a, uwar itatuwa da kanta! Da kin faɗa ai da na sa an share hanya. Lucia, sannu da zuwa, ya 'ya'yanku?"

"Oga Injiniya, yaran ba lafiya," in ji Lucia. Sai ta tsaya, ta nuna taga da baki. "Anti, duba wannan. Na Oga ya fi namu ƙiba fa."

Hajjo ta waiwaya. Gwangwanin madarar yana kan taga, ya yi tsatsa, ƙura ta lulluɓe shi. A cikinsa kuwa ga ɗan kawo tsaye, kore shar, ganye a kan ganye, ya ninka nata tsawo.

"Me kake ba shi?"

"Ni? Wallahi ko ruwa sai na tuna. Wani lokacin ma ragowar fiyawota ce."

"Taki fa?"

"Wane irin taki, Malama? Siminti ne kawai a wurin nan."

Ita da ke kwana da tunanin nata, ta tashi da shi, tana auna musu ruwa, ga wanda aka watsar a taga ya fi su rai. Ta ɗauko gwangwanin, ta kife shi a kan teburinsa, a kan zanen titin da ke shimfiɗe.

"Hajjo! Zanen kamfani ne fa!"

Ba ta ji shi ba. Ta ciro ɗan madubin ƙara girma da ke rataye a wuyanta, ta sunkuya. Bakin kowace ƙaramar saiwa ya yi kauri, sanye da wata farar riga, daga jikinta kuma wasu zare siriri kamar saƙar gizo sun bazu cikin ƙasar. Ta kai dunƙulen hanci. Ƙamshin naman kaza ne, irin na daji bayan ruwa.

Nan take ta tuna. Ta taɓa karantawa, a wani darasi da ta wuce da sauri don ba a cika tambayarsa a jarrabawa ba, cewa akwai itatuwan da ba sa iya cin abinci su kaɗai. Wata halitta dangin naman kaza ce ke naɗe saiwarsu, ita ke tsotso musu abin da ke cikin ƙasa, su kuma su ciyar da ita. Kawo yana cikinsu. Ita kuwa ta wanke wannan abokin zama daga jikin kowane tsiro, sannan ta dafa ƙasar har ba abin da ya rage da rai a cikinta. Yunwa ke kashe su a tsakiyar abinci.

Ta ɗago, idanunta sun ciko, amma dariya take yi.

"Na gano! Lucia, na gano! Ba cuta ba ce. Ƙasar gidansu suke nema. In muka ɗebo ta gindin uwar, muka zuba wa kowanne tafi ɗaya, zaren nan zai kama su." Ta juya ga Nazeer. "Tashi ka kai mu gindin kawon, da shebur da buhuna."

Nazeer ya gyara wuyan rigarsa, yana wani murmushi na wanda ya ɓoye kyauta. "Daman akwai abin da nake so in nuna miki a can. Na so sai an gama, amma tunda kin zo."

Suka bi sabon titin a motar kamfani, yana tuƙi yana ba ta labari. Zanen farko ya bi ta kan bishiyar ne, in ji shi. Shi ya yi ta jayayya da manyansa, ya sake lissafi, ya lanƙwasa titin, har suka yarda a bar ta a tsakiyar shataletale. Saboda ita ya yi.

Ga kawon kuwa tsaye, da girmansa da kwarjininsa. Sai dai gindinsa ba wanda ta sani ba ne. An kankare baƙar ƙasar nan mai taushi, da ruɓaɓɓen ganyenta, an zuba jar marmara an daddaɓe, an shimfiɗa duwatsun intalok ja da fari har jikin kututturen. An ma shafa wa kututturen farin fenti zuwa ƙugu.

"Kin ga?" Nazeer ya ce. "Tsaf. Na san ki da son tsafta."

Lucia ta sauko a hankali, ta taka duwatsun. "Nan ne mamana yake shanya dawa," ta ce, ba da kowa take ba.

Hajjo ta tsaya tana kallon mutumin da ya lanƙwasa titi guda domin ta, ya kuma kwashe abu ɗaya tak da take bukata. Ta ji son sa da haushinsa sun taso tare, har ba ta san wanda za ta fara ba. Murmushinsa ya fara dusashewa da ya ga fuskarta.

"Na yi ɓarna, ko?"

"Ka ceci uwar, Allah ya saka maka. Ni ma ai tsaftar ce ta kai ni inda nake." Ta share ido da gefen mayafi. "Ina ƙasar take?"

"Ƙasar?"

"Wadda kuka kankare. Ƙasa ba ta ɓacewa, Injiniya. Wani ya ɗauke ta."

Aka kira foman. Ya ce baƙar ƙasa ai ba ta kwana a wurin aiki, masu tifa ke kwashewa su kai gidajen manya a Maitama, a shimfiɗa a dasa ciyawa. Duk ta tafi. Sai foman ya sosa ƙeya ya ce, sai dai lodin ƙarshe, wanda aka kankaro daga jikin bishiyar sosai. Wani Manniru ne ya ɗauka, kuma ya ji an ce motar ba ta kai ba, injinta ya buga a hanya, an ja ta zuwa Apo.

"Apo," Hajjo ta ce, ta riga ta buɗe ƙofar mota.

Daga bayan Ushafa zuwa Apo sai an ratsa garin gaba ɗaya. Suka isa rana ta take. Unguwar makanikai ta karɓe su da ƙarar guduma da warin baƙin mai, motoci a kwance cikinsu a buɗe, layi bayan layi. Suka yi ta tambaya, wannan ya tura su gaba, wancan ya mayar da su baya, har wani mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya nuna musu can ƙarshen layi. Tifar tana nan, kanta a kife, bayanta rufe da tamfol. A inuwarta wani mutum siriri ya miƙe a kan benci yana gaigayar gasasshiyar masara.

Nazeer ya yi sallama, ya yi bayani. Manniru ya tashi zaune, ya dubi injiniya, ya dubi Hajjo da mayafinta mai tsada, ya dubi buhunan da ke hannun Lucia.

"Tsaya, Oga. Daga Ushafa kuka biyo ni har nan saboda ƙasa?"

"Ƙwarai."

"Ƙasa dai? Wadda ake takawa?" Ya ajiye masarar. "Hajiya, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Zinari ne a ciki? In zinari ne mu raba, ni ba na son rigima."

"Ya fi zinari," in ji Hajjo, "amma ba zai saya maka inji ba."

Makanikan da suka taru suka kwashe da dariya. Manniru ya ce shi dai lodin na wani Alhaji ne da ke jira, kuma in ya ga ya ragu, kashinsa ya bushe. Nazeer ya ce ranar da motar ta tashi ya biyo ta wurin aiki, zai sa a cika masa har ta yi tozo. Manniru ya ɗaga kafaɗa, ya ce su hau, amma in sun ga zinarin yana nan zaune.

Hajjo ba ta jira an kawo tsani ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta taka taya, ta kama ƙarfe, ta haye. Da aka yaye tamfol, sai ta ga saman ƙasar ya bushe ƙamas, ya yi zafi kamar tanda. Ta san zaren nan ba ya jure irin wannan.

"A tona," ta ce. "Can ciki."

Nazeer ya hau bayanta, da farar rigarsa mai guga, ya karɓi shebur. Bai iya ba. Mutumin da ke ba katafila umarni da ɗan yatsa, ga shi yana soka shebur kamar mai tsoron kada ƙasar ta ji ciwo.

"Oga, sa ƙafa mana!" Manniru ya yi ihu daga ƙasa. "Kai, wannan ko ramin gyaɗa ba zai tona ba. Hajiya, in dai wannan ne saurayin naki, kin tabbata shi za ki aura?"

"Shi ɗin dai," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Nazeer ya ji. Ya sa ƙafa, ya danna, gumi ya jiƙa bayan rigar, ya ci gaba har ramin ya kai masa gwiwa. Launin ƙasar ya sauya, ta koma baƙa, mai danshi da sanyi. Hajjo ta durƙusa ta cusa hannu har gwiwar hannu. Abin da ta fara cirowa ƙwayar kawo ce, baƙa wuluk da 'yar jar hularta. Ƙasar ce, ba shakka. Ta sake lalubawa, ta ciro wani guntun saiwa, ta sa madubi. Farar rigar tana nan, zaren yana nan, bai mutu ba.

Ta miƙa wa Nazeer madubin, ya sunkuya kusa da ita yana haki, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan abin?" ya ce a hankali. "Shi na sa katafila ta kankare?"

"Shi ni ma na wanke da hannuna. Cika buhu."

Kafin la'asar suna rumfa. Wannan karon ba a hura wuta ƙarƙashin duro ba. Hajjo ta ware kawon gefe guda, nesa da sauran tsirrai, don ƙa'idar tana nan da amfaninta ga waɗanda aka yi ta dominsu. Suka bi ledojin ɗaya bayan ɗaya, ita tana buɗe gefen saiwa da yatsa, Lucia tana zuba tafin ƙasa tana yi wa kowanne magana da Gwaranci.

"Me kike ce musu?"

"Na ce su ci, abincin gida ne."

Sai jira. Makon farko ba abin da ya sauya, wasu ma suka ƙarasa bushewa, Hajjo ta tsame su da kanta ba ta bar wa kowa ba. Duk wanda ta cire sai ta ji kamar an zare mata wani abu a ƙirji. Amma ko sau ɗaya ba ta ce ta yi kuskure wajen zuba ƙasar ba. Ta ga zaren da idonta, ta san abin da yake yi a cikin duhun leda, inda ba mai gani. Lucia ta ce a ƙara taki, ta ce a'a. Dokta Kure ya wuce sau biyu bai tsaya ba, ta gane kawaici yake yi mata.

Damina ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai. Wata safiya ya zo da leburori biyu da baro, fuskarsa ba walwala. Ya tarar da ita tsaye a bakin rumfar, hannuwanta a naɗe a ƙirji.

"Hajjo, lokaci ya yi."

"Bismilla, Oga. Shiga ka gani tukuna."

Ya shiga. Tsofaffin ganyen suna nan da rawayarsu, waɗanda suka mutu sun bar giɓi a layi. Amma a kan kusan kowane tsiro da ya rage, wani sabon toho ya ɓullo, ja-ja, mai laushi, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya bi layin har ƙarshe, ya dawo ta ɗaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ta ba shi labarin duka, ba ta rage nata laifin ba, ba ta kuma ƙara masa gishiri ba.

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga leburorin. "Ku kai baron bayan ofis. A can za mu kafa wa furannin rumfa." Ya dubi Hajjo. "Ministan ma ai bai san bambancin inuwar zana da ta kwano ba. Ki rubuta mini yadda aka yi, a koya wa na baya."

Da ya fita, Lucia ta ajiye buta ta rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka tashi daga kan rumfar.

Hajjo ta fita waje inda waya ke kamawa, ta hau kan tarin bulo, ta ɗaga hannu tana neman layi. A lokacin katin waya tsada gare shi, 'yan mata fulashin kawai suke yi, saurayi ya kira. Ita kuwa ta danna lambar ta bar ta tana ringin har ya ɗauka.

"Uwar itatuwa? Ke ce kika kira da kanki? Lafiya?"

Ta tsaya a kan bulon tana kallon rumfar, hawaye na bin kumatunta, kuɗin katin yana tafiya.

"Hajjo? Kina ji na?"

"Ina jin ka," ta ce. "Sun tashi, Nazeer. Zo ka gani."